Rakiya Daga Sheshe Zuwa Ƙofar Ruwa

Ni dai ban taɓa iya duba aikin ɗalibi a ofis ba. A jami'a an ba ni ɗaki mai fanka da kujeru, an manna takarda a ƙofa cewa a nan ake samun mai koyar da dokar ƙaura da shige da fice, amma da na zauna sai hankalina ya bi ta taga ya tafi abinsa. Ɗalibi na ta motsa baki a gabana, ni kuwa ina can ina kallon shirwa tana shawagi a kan darbejiya. Shi ya sa masu digirin digirgir da aka danƙa mini nake ce musu su same ni a gida, a Sheshe, ranar Asabar bayan la'asar. A zauren mahaifina muke zama.

Zauren ginin ƙasa ne mai kauri, ko rana ta kai inda ta kai sai ka ji sanyi a cikinsa. Mahaifina mai masaukin baƙi ne. Ina yaro na ga Buzaye sun kwana a nan suna dafa shayi, na ga fataken goro, na ga tsofaffi masu niyyar zuwa Makka a ƙasa sun yada zango kafin su nausa gabas. In baƙo ya yi nufin zama a garin, Baba yakan sa babbar riga ya kai shi gaban mai unguwa ya ce, “Wannan nawa ne.” Shi ke nan, magana ta ƙare. Ba fasfo, ba biza, ba tambayar asali. Da na girma na yi karatun lauya, sai na ɗauki wannan kalma ta Baba na gina maƙala a kanta, na ce tun kafin a zana iyakokin ƙasashe birnin Kano yana da hanyarsa ta mayar da baƙo ɗan gari, kuma da doka za ta amince da shaidar mai masauki da marasa takarda sun huta. Maƙalar ta yi farin jini. Da ita aka ƙara mini girma, da ita nake buɗe aji duk shekara, kuma ba na ɓoyewa, ina son ta kamar yadda nake son zauren.

Cikin waɗanda na duba wa kundi akwai wani da ya fi kowa zama a raina. Dogo ne, siriri, ya doshi arba'in, yana koyarwa a wata kwaleji, yana da mata da 'ya'ya a Ƙofar Ruwa. Tun daga bakin lungu yake cire takalmi. In ya shigo zaure ba ya hawa tabarmar da nake kai, sai ya durƙusa can gefe ya sunkuyar da kai, irin zaman da ya koya a makarantar ilimi gaban malaman zaure. Bincikensa a kan 'yan takari ne, wato mutanenmu da iyayensu ko kakanninsu suka je aikin hajji suka zauna can ba izini, aka haife su a can, wata rana aka kama su aka zuba a jirgi aka sauke a Kano. Can an ce ba 'yan ƙasa ba ne, nan kuma ba su da takardar da za ta nuna daga wace ƙaramar hukuma suka fito.

Batu mai kyau, ɗalibi mai ƙwazo, amma aikin ya ƙi tashi. Duk abin da na faɗa sai ya ce, “Haka ne, Malam.” In na juya na faɗi kishiyarsa don in gwada shi, sai ya ce, “Wannan ma haka ne, Allah gafarta Malam.” In ya kawo babi, ba shafin da zan buɗe ban ci karo da sunana ba: kamar yadda Malam ya nuna, kamar yadda Malam ya tabbatar. Wata rana haushi ya kama ni na ce masa, “Kai, in aku nake so ai da na je kasuwa na sayo.” Ya yi murmushi ya ce, “Haka ne, Malam.”

Abin ya wuce wasa, domin lokacinsa ya kusa ƙarewa. Makarantar manyan digiri ta riga ta ƙara masa wa'adi na ƙarshe. Kuma na san mai jarrabawa da za a gayyato daga wata jami'ar ba zai ba mutum digirin digirgir don ya iya maimaita malaminsa ba. In kundin bai zama nasa ba kafin damina ta fita, shekarun da ya zuba sun tafi a banza, aikinsa na kwaleji ma ya tsaya inda yake. Ni na san haka, shi ma ya sani, amma da zarar ya ga fuskata sai bakinsa ya mutu.

Ranar da abin ya sauya, an yi ruwa da hantsi, gari ya yi luf. Mun gama zaman da bai haifar da komai ba, ya tattara takardunsa, sai na miƙe in taka masa. A gidanmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai. Ka raka shi bakin lungu, ko ka ɗan ƙara zuwa masallaci, shi kuma ya tsaya ya ce, “A koma haka nan, na gode.” Kai ka ƙara taku kaɗan don kara, shi ya sake roƙo, sannan ku yi sallama. Baƙo ne ke sallamar mai rakiya. Kowa ya san wannan, ba a koyar da shi.

Muka fito. Lungun Sheshe bayan ruwa yana da wani ƙamshi na jiƙaƙƙiyar ƙasa gauraye da turaren wuta da ke fitowa daga gidaje. Indararo na ɗiga, awaki sun lafe a jikin katanga, wata tsohuwa na kwashe ruwan da ya taru a ƙofar gidanta da ƙwarya. Muka wuce masallaci, bai ce in koma ba. Ni kuma na riga na lula, ina tunanin ko ta wannan lungun ne raƙuma suke shigowa da kaya a zamanin kakana, da yadda suke iya juyawa a wuri matsattse haka. Muka bi ta gefen Kurmi, masu kayan yaji na kakkaɓe ledojin da suka rufe hajarsu. Ina tafe hannuwana a baya, shi yana gefena, ya ɗan ja baya da rabin taku. Ba wanda ke kallon wani.

Wajen Jakara na ji murya a gefen kunnena, a hankali, kamar mai magana da kansa.

“Akwai wata mata a Gwammaja, Malam. An sauke ta a nan tana budurwa, yanzu tana da jikoki. Mai gidan da ya karɓe ta ya yi mata komai, har aure shi ya yi mata. Amma da jikanta ya je neman takardar ƙaramar hukuma don shiga makaranta, sai aka ce ya kawo garin kakansa.”

Ban juya ba. Wani abu ya ce mini in na juya zai yi shiru. Na ce, “Uhm,” na ci gaba da kallon gabana.

Ya ci gaba. Daga matar Gwammaja ya koma kan wani tela da aka haifa a Jidda, daga tela ya koma kan wasu 'yan'uwa da ba su jin Hausa sosai ranar da aka kawo su. Muryarsa ta saki. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa jimla uku a gabana ba, ga shi yana jero hujja, yana kawo sashen tsarin mulki, yana cewa wata yarjejeniya ta duniya ta yi magana a kan marar ƙasa amma ta manta da wanda yake da ƙasa a baki, ba shi da ita a takarda. Dala ta fito a gabanmu, ruwa ya wanke ta ta yi ja, tantabaru na kewaya ta. Muka ratsa Gwammaja. Ban farga ba sai da na ji ƙarar rodi ana saukewa daga mota, na ɗaga kai na gan mu a Ƙofar Ruwa, ladan na kiran magariba.

Na tsaya na dube shi. Na ce, “Kai, wace irin rakiya ce wannan? Me ya hana ka ce in koma?”

Nan take ya sunkuyar da kai, muryar nan ta gudu. Ya ce, “Allah gafarta Malam, ai ɗalibi ba ya sallamar malaminsa. Ina ta jira Malam ya juya da kansa.”

Wato shi yana jira in juya, ni ina jira ya sallame ni, kunya ta ja mu tun daga tsakiyar birni har bakin ganuwa. Muka yi salla a nan, na hau adaidaita sahu na koma. Maiɗakina ta dube ni, ta dubi taɓon da ke ƙafar wandona, ta ce, “Malam, rakiya ka yi ko ƙaura?”

Daga ranar na gane inda ajinmu yake. In ya zo Asabar, sai mu gaisa, ya sha ruwa, in karɓi takardun in ajiye ko buɗewa ban yi ba, in ce, “Tashi in taka maka.” Na sa shi ya riƙa kunna wayarsa a aljihun gaba tana ɗaukar maganarsa, in ya je gida ya saurara ya rubuta. Haka muka yi ta yi duk daminar. Wani lokaci yayyafi ya kama mu mu fake a rumfar mai gyaran keke, da mun tsaya sai ya yi shiru, da mun taka sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Mutanen hanya suka saba da mu. Akwai mai tsire a Gwammaja da yake ɗaga mana wuƙa in mun zo wucewa.

Yawancin tafiyar nan ina tuna ta ne kamar mafarki. Hasken yamma a kan tsofaffin soraye, hadari na haɗuwa a gabas, murya na zuba a gefena ba tare da na ga mai ita ba. Wani lokaci sai in ji kamar ba mu kaɗai ke tafe ba, kamar duk wanda ya taɓa shigowa garin nan da ƙunshin kaya a ka yana biye da mu, Buzayen zaurenmu, da tsofaffin da suka tafi gabas ba su dawo ba, da jikokinsu da aka dawo da su ta sama. In muka isa inda ganuwa ta zube ta zama tudu, awaki na kiwo a kai, nakan tsaya in yi ta kallo. A da ana rufe ƙofofin nan da faɗuwar rana, wanda ya makara ya kwana a waje. Yanzu ba ƙyaure, kowa na shiga yana fita, amma ga ɗalibina yana gaya mini akwai waɗanda har yau suke kwana a waje.

Wata rana a gindin Dala ya faɗi abin da ya daɗe yana kewayawa. Ya ce, “Malam, kalmar nan ta mai masauki, wannan nawa ne. Tana ba mutum wurin kwana, tana ba shi mata, tana ba shi makwanci a maƙabarta. Amma wanda aka ce nawa ne, na wani ne har abada. Ba ya zama na kansa. Jikansa ma in za a kwatanta shi sai a ce baƙin gidan wane.”

Raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba. Maƙalata ce yake rushewa, kuma a bayan maƙalar akwai Baba da babbar rigarsa. Na ce da zafi, “To da Baba bai karɓe su ba fa? A titi za su kwana?” Ya ce, “A'a, Malam, alheri ne, Allah ya saka masa. Sai dai an ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ni kuma ina magana ne a kan raɓar da ta kwana shekara da shekaru, rana ta ƙi ɗauke ta, ƙasa ta ƙi shanye ta.” Muka yi tafiya mai nisa. Wajen Gwammaja na ce, “Wannan shi ne babi na biyar. Ka rubuta shi yadda ka faɗa, kada ka sa masa sukari.”

Ranar ce ya shigar da ni gidansu na gaida mahaifiyarsa. Tsohuwa ce fara, 'yar ƙarama, ta kawo mini gahawa mai citta a ɗan ƙaramin kofi. Hausarta na da wani lanƙwasa da ban saba ji ba. Ashe a Makka aka haife ta, a wani lungu a bayan dutse, ta ce an daɗe da rushe shi an yi dogayen gine-gine, amma ita har yanzu in ta yi mafarki a can take ɗiban ruwa. Ta ce, “Mu baƙinku ne, Malam, mun gode da riƙo.” Na ce, “Haba Hajiya, ai ke 'yar gida ce.” Ta yi dariya ta ce, “Haka kuke cewa dukanku, Allah ya yi albarka.” Ɗanta yana bakin ƙofa a durƙushe, bai ɗago ba.

Kundin ya kammala a kan lokaci. Har yau ban yarda da duk abin da ke babi na biyar ba, akwai wuraren da nake ganin ya matsa wa al'adarmu fiye da kima, kuma na rubuta masa haka a gefen shafi. Amma aikin nasa ne, da ƙafarsa ya tako shi. Abin da ya rage shi ne ya kare shi da bakinsa, a zaune, a ɗaki, ina wurin.

Aka sa rana. Ɗakin taro ne mai dogon tebur da tagogi a jere. Mai jarrabawar da aka gayyato wata farfesa ce daga nesa, mai tabarau a kan hanci, ba ta da wasa. Shugaban sashe na gefenta. Ni aka ba ni kujera daura da ɗalibin, muna fuskantar juna, kuma doka ta ce mai duba aiki ba ya magana sai an tambaye shi. Da farko abin ya tafi daidai, ya amsa tambayoyin yarjejeniyoyi da hukunce-hukuncen kotu ba gargada. Sai ta buɗe babi na biyar ta ɗora yatsa. Ta ce da Turanci, malaminka ya rubuta cewa shaidar mai masauki ta isa ta mayar da baƙo ɗan gari, kai kuma ka ce ba ta isa ba, to a cikinku wa ya yi kuskure?

Ya ɗago ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya same shi. Kafaɗunsa suka sauka, kansa ya sunkuya, ya koma mutumin nan na gefen tabarma. Ya ce a hankali, “Malam ya fi ni sani.”

Farfesar ta cire tabarau. Ta ce ba ta tambayi wanda ya fi sani ba, kuma in bai tsaya a kan babin nan ba, to ba ta ga abin da za ta ba shi digiri a kai ba. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a ranar da na kare nawa kundin. Duk daminar nan, da tsohuwar da ke jiran labari a Ƙofar Ruwa, ga su za su zube saboda fuskata.

Ba a hana mai duba aiki miƙewa ba. Na ture kujera na tashi, na nufi tagogin, na ba su baya. Na sa hannuwana a baya na fara takawa a hankali, daga wannan taga zuwa waccan, takalmina na jan ƙasa yadda yake yi a lungu. Shugaban sashe ya yi gyaran murya, na yi kamar ban ji ba. A waje hadari ya haɗu, wata shirwa na shawagi a kan darbejiya. Na kai ƙarshen ɗakin na juyo ta gefen bango, ban dubi kowa ba.

Sai na ji muryar, a bayana, ta ɗan ja baya da rabin taku.

Ya fara da matar Gwammaja. Ya bi ta kan tela, ya shiga tsarin mulki, ya fito ta yarjejeniya. Sannan ya kama maƙalata, ya ambaci sunana da shekarar da na buga ta, ya warware ta zare-zare, cikin ladabi, ba tare da ya bar mata inda za ta tsaya ba. Ya ce malamina ya kalli al'adar nan daga cikin zaure, inda mai masauki yake zaune, ni kuwa daga bakin ƙofa na kalle ta, inda uwata take tsaye. Ina jin zafin abin har cikin ƙirjina, ina kuma jin wani daɗi da ban san inda zan sa shi ba. Ban daina takawa ba sai da farfesar ta ce ya isa, ta gamsu.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya zo gida da dabino, saƙon mahaifiyarsa. Ya cire takalmi a inda ya saba, ya durƙusa a inda ya saba. Na ce masa Dakta, ya rufe fuska yana dariya. Muka ɗan taɓa hira, ya ce zai koma. Na zura takalmi, na ɗauki lema saboda hadari, na leƙa cikin gida na ce kada a jira ni da magariba.

Muka fito lungu, ni a gaba hannuwa a baya, na riga na fara tunanin abin da zan tambaye shi in mun kai Jakara, domin akwai wata magana a babi na biyar da nake so mu sake taɓawa. Daidai ƙofar masallaci na ji takunsa ya tsaya. Na juyo. Yana tsaye sosai, yana kallon fuskata.

Ya ce, “Malam, a koma haka nan. Na gode.”

Na ƙara taku kaɗan, kamar yadda ake yi. Ya sake cewa, “Don Allah a koma, Malam. Na san hanya.”

Na ba shi hannu muka yi sallama. Na tsaya da lema a hannu ina kallon bayansa, dogo, siriri, yana tsallake kwatami, har ya sha kwana wajen Kurmi. Abin da na shekara ina nema ke nan, kuma da ya zo sai na ji kewa ta rufe ni.

Na koma gida rana ba ta ko yi ja ba. Maiɗakina na tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ɗago da mamaki ta ce, “Yau ba a kai Ƙofar Ruwa ba?”

Na jingine lemar a jikin bango na ce, “An sallame ni.”